Liti Direba da Agogon Baƙin Mai

Duk wanda ya saba bin hanyar Rogo zuwa Karaye ya san Liti, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai furfura a gemu kaɗai, wanda ba ya kiran fasinja. Sauran direbobi su yi ta ɗaga murya suna cewa saura mutum ɗaya, alhali saura huɗu, shi kuwa yana zaune a benci kusa da motarsa yana jan carbi. Wanda ya ga dama ya shiga. Kuma ana shiga, musamman tsofaffi da mata masu goyo, don an san ba ya gudu, ba ya kuma zagi.

A Rogo aka haife shi, a gidan manoman gyaɗa, amma fartanya ba ta taɓa zama daidai a hannunsa ba. Tun yana saurayi ya bi wata babbar mota mai kwasar amfanin gona, a can ya koyi tuƙi, ya shekara ashirin yana jan motocin mutane. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, 'yan'uwansa suka riƙe gonakinsu, shi kuwa ya sayar da tasa ya sayi mota. Dangi sun yi ta surutu har suka gaji. Doguwar mota ce mai faɗin baya, ta riga ta sha duniya kafin ta zo hannunsa, shi ya sa 'yan tasha suka raɗa mata Dattijuwa. Da ita ya aurar da 'ya'yansa mata uku, da ita yake ci da kansa da matarsa Mariya. Ba shi da gona, ba shi da tumaki, ɗansa namiji guda ɗaya, Uba, yana Kano yana ɗinki, shi ma da ƙyar yake riƙe kansa. In Dattijuwa ta tsaya, tukunyar gidan Liti ta tsaya. Kowa ya san haka, shi ya fi kowa sani.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko kunne. Liti yana jin inji kamar yadda uwa ke jin kukan ɗanta a cikin taron suna. Mota za ta shigo tasha, bai ko ɗaga kai ba, sai ya ce wa mai ita ya je a duba masa bel, ko ya ƙara baƙin mai kafin ya yi lodi. A yi musu, a buɗe bonet, a tarar haka ne. Jar fitilar nan da ke nuna matsalar mai a gaban direba ta mutu a motarsa tun kafin ya saye ta, bai taɓa damuwa ya gyara ba. Yakan ce fitila ta masu koyo ce.

Na biyu ɗaukar gawa. Ranar da mahaifinsa ya cika a asibiti a Karaye, direbobi uku ya roƙa su kai shi gida, kowa ya kawo uzuri, don akwai fasinjojin da ke ƙyamar motar da ta ɗauki mamaci. Abin ya tsaya masa a rai. Tun da ya mallaki tasa, ko yana tsakiyar lodi aka zo aka ce an yi rasuwa, zai ba fasinja haƙuri ya sauke su. Ba ya karɓar ko kuɗin mai. Yana kuma da tsarinsa da ba ya sauyawa: zai kwantar da kujerar baya, ya kwashe duk abin da ke but, sifanu da tsummoki da galan ɗin baƙin mai da yake yawo da shi, ya ajiye wurin Audu mai shayi a bakin asibitin Karaye. Sannan ya share, ya goge, ya shimfiɗa sabuwar tabarmar da ya tanada don wannan kaɗai. In an ce masa ai galan ɗaya ba zai tare wuri ba, sai ya ɓata rai. Mutum zai koma ga Ubangijinsa, in ji shi, ba za a kwantar da shi kusa da dauɗar inji ba.

To, kunnen nan da yake taƙama da shi, shi ya fara tafiya. Mariya ce ta fara lura. Za ta yi sallama daga bayansa sau biyu bai amsa ba, rediyo kuma kullum sai ya ƙara murya har maƙwabta su san abin da yake saurare. Da ta yi masa magana sai ya ce ita ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa da tsufa. Ta ƙyale shi, don ta san halin mijinta. A tasha ya iya ɓoyewa. Ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. Abin da ya daina shi ne faɗa wa direbobi ciwon motocinsu, su kuma suka ɗauka girma ne ya sa ya rage shiga sha'anin mutane.

Muttaka ne ya kama shi. Muttaka bakanike ne a Rogo, garejinsa na ƙarƙashin wata tsamiya a hanyar kasuwa, kuma shi kaɗai Liti ya yarda ya taɓa masa mota. Wata Talata ya kai ta a sauya mata birki. Da aka gama aka tayar, Muttaka ya ji wata 'yar ƙara a can ƙasan inji, kas-kas-kas, irin wadda ke zuwa in baƙin mai bai hau da wuri ba. Ya dubi Liti yana jiran ya riga shi faɗa, kamar yadda aka saba. Liti kuwa ya dafa motar yana murmushi, ya ce ai ka ji ta, lafiyarta ƙalau.

Nan Muttaka ya gane kunnen Liti ya fara tafiya. Bai ce komai ba a ranar, don ba a tsinka dattijo a gaban masu jiran gyara. Bayan mako guda ya dawo daga Kano sayen kaya, ya aika aka kira Liti da hantsi, lokacin da gareji ba kowa. Ya fito da wani ɗan kwali, a ciki akwai agogo mai faɗin bakin kofin shayi, farar fuska, baƙar allura, da siririn bututun tagulla a naɗe. Ya ce masa wannan shi ke nuna ƙarfin da baƙin mai ke zagaya inji da shi, yanzu duk manyan direbobi shi suke sawa. Ƙarya ce, babu mai shi ko ɗaya a tashar Rogo, kuma Liti ya san ƙarya ce. Ya daɗe yana juya agogon a hannunsa.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Tun ran Talatar birki, Yaya Liti." Sai da Muttaka ya matso kusa da kunnensa na dama ya maimaita.

"Wa ka gaya wa?"

"Babu. Ba kuma zan gaya wa kowa ba."

Liti ya miƙa masa makulli, ya koma gindin tsamiya ya zauna. Ranar ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kuma ji tsoro, don in magana ta kai ga shugabannin tasha cewa ba ya jin hon, ba ya jin inji, zai iya rasa layinsa.

Aikin bai kai awa biyu ba. Muttaka ya jira inji ya huce, ya zura hannu ta gefen tace-mai ya kwance tsohon abin da ke kunna jar fitila, wanda tsatsa ta riga ta cinye. Ya naɗa farin zaren hana yoyo a bakin sabon noti, ya ɗaura shi a ramin a hankali, da hannu tukuna sannan da sifana, don in aka matse da ƙarfi jikin inji na iya tsagewa. Ya haɗa bututun tagulla, ya lanƙwasa shi nesa da salansa mai fitar da hayaƙi, ya zura shi ta wani rami da waya ke bi zuwa cikin mota, ya sa guntun roba a bakin ramin kada ƙarfe ya ci shi. Agogon ya ɗaure shi da noti biyu a ƙasan dashbod, dama da sitiyari, inda gwiwar fasinjan gaba ba za ta kai ba. Da aka tayar, allura ta yi ɗan jim sannan ta miƙe ta haura tsakiya. Suka bar inji ya yi zafi, ta sauko kaɗan-kaɗan ta tsaya a ƙasa da inda Muttaka ya so. Bai ɓoye masa ba: inji ya tsufa, amma in ana lallaɓa shi, ana sauya mai a kan lokaci, zai ƙara shekaru.

Lambobin da ke jikin agogon ba su dami Liti ba, bai yi boko ba. Muttaka ya tsoma tsinke a jan fenti ya ɗiga a kan gilashin, can kusa da ƙasa. Ya ce masa da ƙarfi, yana nunawa da yatsa, duk ranar da allura ta sauka ƙasa da jan nan yana tafiya, ya kashe mota nan take, ko a tsakiyar gada yake. In ya kashe, gyara ne ƙarami. In ya ci gaba, inji zai buga, kuma injin Dattijuwa in ya buga babu sauran abin da za a ɗauka a jikinsa.

'Yan tasha sun samu abin yi. Badamasi, wanda suka fara tuƙi tare kuma bakinsa ba ya shiru, ya yi ta yayata cewa Liti ya sa wa Dattijuwa abin awon hawan jini. Wasu su leƙo su tambaye shi ƙarfe nawa. Liti ya yi ta dariya tare da su, rabi bai ma ji abin da suka ce ba. Amma a ransa ya samu sauƙi. Shekara biyu ya yi yana tuƙi da ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Ya san inda take tsayawa da sanyin safiya, ya san inda take komawa in ya hau tudu da lodin masara. Sau ɗaya ta faɗi a kusa da Yammedi, ya kashe nan take, aka tarar noti ne ya saki. Muttaka ya ɗaure, aka ƙara mai, ya ci gaba da harkarsa. Har ya fara tunanin ya tsira.

Sai wata Alhamis a tsakiyar damina. Ya sauke fasinja a Karaye wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wani saurayi dogo ya zo ya durƙusa a gabansa, idonsa jawur. Sunansa Abdulmutalib, manomi ne daga wani ƙauye a yankin Ruwan Bago. Matarsa Hamida ta rasu wurin haihuwa da safiyar nan, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Tun ɗazu yake neman mota. An riga an yi waya gida, ana can ana haƙa kabari. Liti bai san shi ba, bai san kowa nasa ba. Ya ce masa ya tashi su je.

Ya yi yadda ya saba. Ya kwashe sifanu da tsummoki da galan ya kai wa Audu mai shayi, ya share, ya shimfiɗa tabarma. Aka kwantar da Hamida a lulluɓe da zane, jaririn a gefenta. Mahaifiyarta Hannatu ta shiga baya ta zauna a takure, ta ɗora kan 'yarta a cinya don kada ya riƙa bugun ƙarfe. Mijin da wani kawunsa suka zauna gaba. Ba mai kuka da murya, sai dai tsohuwar tana motsa baki.

Kwalta ba ta ba su wahala ba. Da suka sauka kan burji ne hanya ta zama abin da damina ta mayar da ita: ramuka cike da jan ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka shiga. Liti yana bi a giya ta ɗaya da ta biyu, yana kauce wa abin da zai girgiza na baya. Gabas kuma hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, yana tahowa. Kawun ya nuna shi da hannu, ya ce wani abu da Liti bai ji ba, amma ya gane. Akwai rafi a gabansu kafin ƙauyen. In ruwan nan ya sauka ya cika shi, ba mota ba, ko mutum ba ya ƙetarewa sai washegari.

A cikin wani kududdufi ne ƙasan motar ya daki dutse. Bai ji ƙarar ba, a tafin ƙafarsa ya ji ta. Ya dubi agogo, allura tana inda take. Ya yi hamdala. Bayan kamar tafiyar minti biyar ya sake dubawa, ta sauka kaɗan. Ya ce ko zafi ne. Da ya duba na uku tana gab da jan ɗigon.

Ya tsaya, ya kashe, ya ce zai duba taya. Ya zagaya gaba ya durƙusa a cikin laka ya leƙa. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya tsage, mai na zuba siriri kamar zare, ya bar baƙin layi a bayansu. Liti ya san maganin wannan tun yana saurayi: a bar inji ya huce, a cusa sabulu a tsagar, a cika mai, a lallaɓa har gareji. Sabulu ma ba zai gagara ba, mata ba sa zaman jinya babu shi. Mai ne babu. Galan ɗinsa na can Karaye a ƙarƙashin teburin mai shayi, inda ya ajiye shi da hannunsa. Ko ya samu waya ta shiga, kafin mai babur ya kawo wani daga Rogo a wannan hanya an yi awa biyu, ruwa kuwa ba zai ba su rabin awa ba. Dama da hagu dawa ce da masara iyakar gani, ba gida ko ɗaya.

Ya miƙe ya leƙa ta gilashin baya. Tsohuwar ta cire mayafinta tana kore ƙuda daga zanen da aka rufe 'yarta. Ya tuna Mariya, ya tuna ba shi da ko taƙin gona da zai koma. Wallahi ya so ya ce musu mota ta lalace, a san yadda za a yi. Ba wanda zai zarge shi, gaskiya ce zai faɗa. Amma sai ya ga gawa biyu a daji cikin ruwa har gari ya waye, ga kabari a buɗe yana cika, ga mutane a tsaye suna jira.

"Lafiya dai, Baba?" in ji Abdulmutalib da ya dawo ya zauna.

"Lafiya lau, ɗana. Mu je."

Ya tayar. Allura ta ɗan ɗaga ta koma kan ja. Da ba shi da agogon nan, da ya yi tafiyarsa da zuciya ɗaya, abin ya same shi bagatatan ya ce ƙaddara. Yanzu kuwa yana gani. Ya ga ta wuce jan ɗigon, ya ga tana rawa in ya taka totur, ya ga ta kwanta gaba ɗaya daidai lokacin da suka gangara rafin, ruwa iya rabin taya. Suka haye. Sitiyari ya fara karkarwa a hannunsa, wani wari mai ɗaci ya cika motar. Kawun ya juyo yana masa magana da sauri yana nuna bonet, da alama ƙarar da inji ke yi ta kai ta tsorata mai kunne. Liti ya gyaɗa kai kawai, bai ɗaga ƙafa ba.

Sun shiga ƙauyen ana fara yayyafi. A ƙofar gidan, inda maza suka taru, ya taka birki, motar ta yi wata girgiza ta mutu da kanta. Aka fitar da Hamida da ɗanta aka shiga da su ciki don wanka. Can wani dattijo ya zo ya roƙe shi ya ɗan matsa da motar, nan za a yi sahu. Ya murɗa makulli, ko motsi. Matasa shida suka tura ta gefe, gindin wani darbejiya.

Ya yi alwala ya shiga sahun ƙarshe. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, kabbara ce kawai, shi kuma ba ya jin muryar liman ga iska ga ruwa. Ya tsaya yana yi wa yarinyar da bai taɓa ganin fuskarta ba addu'a, hawaye na bin gemunsa, bai san an idar ba sai da ya ga mutane sun motsa. Waɗanda suka gan shi sun yi mamakin tausayin baƙon direban nan.

Bayan kwana biyu Muttaka ya zo ƙauyen a babur. Ya kwance kasko, ya zura hannu ya fito da ɓarɓashin ƙarfe ya murza a yatsunsa. Ya tambayi Liti ko agogon ne bai nuna ba. Liti ya ce ya nuna. Muttaka ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya dubi ƙofar gidan da ake zaman makoki, ya rufe bonet ya je ya wanke hannu.

Sayen wani inji ya fi ƙarfin Liti, ya fi ƙarfin Uba. Ƙarshe masu sayen ƙarfe suka zo da babbar mota suka ɗauke Dattijuwa. Yanzu in ka je tashar Rogo za ka gan shi a bencin nan dai, yana taya direbobi ɗaure kaya a but, wanda ya ga dama ya miƙa masa wani abu. Ba ya ɓoye kurumtarsa kuma, ba abin da za a ƙwace masa. Mariya ta fara ƙuli-ƙuli tana da shekara sittin, hannunta na ciwo.

Mutanen ƙauyen har yau ba su san abin da ya faru ba. Da kaka ta yi, Hannatu ta shigo Rogo cin kasuwa, ta neme shi a tasha ta kawo masa gyaɗa a ƙullin leda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi godiya mai tsawo, sannan ta ce wani abu da bai kama ba. Ya karkato kunnensa na dama, ta ɗaga murya har na kusa suka ji.

"Na ce Allah ne ya rufa mana asiri, Malam, da tsohuwar motar nan taka ba ta mutu da mu a daji ba. In za ka sake saya, ka daure ka nemi mai ɗan ƙwari."

Liti ya karɓi gyaɗar da hannu biyu, ya ce to, in Allah ya yarda.